Bayan An Ce Amin, Wa Ke Kula Da Hanyar Gida?



Akwai wata muhawara da ta daɗe tana yawo a majalisun dattawan ikilisiyoyinmu game da addu'ar kwana. Kowa ya yarda addu'ar tana da amfani. Abin da ke kawo ƙorafi shi ne abin da ke faruwa bayan an tashi. An rufe taro da ƙarfe biyar na asuba, amma yarinya ba ta iso gida ba sai ƙarfe tara. Saurayi ya ce wa mahaifiyarsa ya tafi majami'a, sai a gan shi a wata unguwa dabam da hantsi. Saboda haka waɗansu dattawa sun ce a soke addu'ar kwana gaba ɗaya. Waɗansu kuwa sun ce a kafa doka, da zarar an ce amin kowa ya miƙe gidansu, wanda ya ratse ko'ina a sa shi ƙarƙashin horo.

Da dukan ladabi ga iyayenmu dattawa, ban goyi bayan ko ɗaya cikin biyun ba. A ganina hanyar komawa gida sashe ce ta taron, kuma tana bukatar makiyayi kamar yadda bagade yake bukata. Muna ɗaukar makonni muna shirya mai wa'azi da mawaƙa da man janareta, amma ba ma ɗaukar minti goma mu tambayi yadda tumaki za su koma garke.

Mu fara duba Littafi Mai Tsarki. A Ayyukan Manzanni sura 20, masu bi na Taruwasa sun taru a bene, Bulus ya yi ta magana har tsakar dare. Barci ya kwashe wani saurayi mai suna Aftikos da ke zaune a bakin taga, ya faɗo daga hawa na uku. Bulus ya katse jawabinsa, ya sauka, ya rungumi yaron, Allah kuwa ya mayar masa da rai. Daga nan suka koma sama, suka gutsuttsura gurasa, suka ci gaba da zance har gari ya waye. Marubucin bai rufe labarin ba sai da ya gaya mana cewa an kai saurayin gida da ransa, jama'a suka sami ta'aziyya ƙwarai. Ashe kai yaro gida lafiya yana cikin abin da ya cancanci a rubuta.

A sura 16 kuma, Bulus da Sila sun yi addu'a da waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi. Ina aka ƙarasa wannan sujada? A gidan mai tsaron kurkuku. Mutumin da ya saka ƙafafunsu a turu da yamma shi ne ya wanke musu raunuka kafin asuba, ya sa musu abinci, aka yi masa baftisma tare da iyalinsa. Babu wanda ya tsara wannan ratse. Haka ma almajirai biyu da suka nufi Imuwasu a Luka sura 24, tafiyar kimanin kilomita 11 daga Urushalima. A hanya Ubangiji ya same su, a wajen cin abinci suka gane shi, a daren nan kuma suka juya suka koma inda suka fito don su ba 'yan'uwa labari.

Tarihin ikilisiya ma yana da abin koya mana. Addu'ar kwana ta 'yan Metodis ta samo asali ne daga masu haƙar kwal na Kingswood, kusa da Biristol a Ingila. Kafin su tuba sukan kwana a gidan giya, da suka tuba sai suka mayar da daren na addu'a. Waɗansu sun nemi John Wesley ya hana su, amma da ya auna maganar sai ya ƙi, ya ma shiga cikinsu. A shekarar 1742 aka yi irin wannan taro na farko a Landan, kuma sukan zaɓi daren Jumma'ar da ta fi kusa da cikar wata, domin waɗanda gidajensu ke nesa su sami farin wata su koma. Ku lura da hikimar bawan Allah: tun wajen sa rana ya riga ya yi tunanin hanyar gida.

Yanzu mu dawo kan namu halin. Mu 'yan tsiraru ne a yawancin garuruwan da muke zaune. A wani ƙauyen gidajen masu bi ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Yaronmu yakan yi mako guda a makaranta ko a kasuwa bai haɗu da wanda zai yi addu'a tare da shi ba. Ran Lahadi kuwa da an tashi sujada kowa na sauri. A cikin taron dare ma babu damar hira, ana waƙa ne, ana addu'a, ana sauraron Magana. To, yaushe za su san juna? Sai a hanya. A teburin mai shayi, ko wajen mai ƙosai da koko, ko lokacin da babur ya yi faci aka taru ana turawa, a nan ne wani zai buɗe baki ya ce an kore shi daga aiki, wata ta ce kuɗin makaranta ya gagara, wani ya faɗi irin matsin da yake sha daga danginsa saboda bangaskiya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Idan muka ɗaure ƙafar, mun kashe zumuntar, kuma matashin da bai sami aboki a ikilisiya ba zai same shi a wani wuri.

Akwai ratsen da ya fi wa'azi da yawa amfani. Matasa sun fito sai wani ya tuna cewa Baba wane bai zo ba, ba shi da lafiya, suka biya suka gaishe shi, suka ɗebo masa ruwa. 'Yan Zumuntar Mata sun raka gwauruwa har ƙofar gida, suka tarar babu ko ƙwayar hatsi, kafin azahar an haɗa mata mudu biyu uku. Wanda ya kwana yana roƙon Allah ya tuna da marasa lafiya, sa'an nan ya wuce ƙofar mara lafiya da safe don doka ta ce kada a ratse, me ya bambanta shi da firist da Balawen nan na misalin Basamariye?

Amma fa damuwar dattawa ba ta banza ba ce, kada matasa su ɗauka na ba su lasisi. Akwai ratsen da ke kai ga kunya. Akwai waɗanda ke fakewa da sunan addu'a su fita gida, ƙafarsu ba ta ko taka majami'a ba. Saurayi da budurwa su keɓe su biyu cikin duhu bayan an kwana ba barci, wannan neman jaraba ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kuma idanun maƙwabta suna kanmu, laifin mutum ɗaya yakan zama na dukan masu bi.

Ga kuma haɗarin jiki. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 24 bai runtsa ba, kuzarin hankalinsa yakan ragu kamar na wanda ya sha giya fiye da abin da dokar tuƙi ta yarda. Mu da ke hana shan giya, ga shi muna miƙa makullin motar ikilisiya ga direban da ya kwana yana kaɗa ganga. Abin hawa ma ba kullum ake samu ba. A Kano an hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, a 2022 kuma aka hana a-daidaita-sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A irin wannan yanayi, ikilisiyar da ta sallami jama'a ƙarfe huɗu ta tura mata da yara kan titi a ƙafa cikin duhu.

Saboda haka ina ba majalisun dattawa waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, kada a sallami kowa sai gari ya waye sarai. In an gama da wuri, a zauna a harabar majami'a, a rage ƙarar lasifika, musamman lokacin da maƙwabtanmu Musulmi suke sallar asuba. In mun haɗu da su a hanya, mu gaishe su da fara'a.

Na biyu, a kawo teburin shayin cikin gida. Ikilisiya ta tanadi kunu ko shayi da burodi, a ba jama'a rabin awa su yi hira. Ubangijinmu da kansa ya shirya wa almajiransa gurasa da kifi a bakin teku bayan sun kwana suna aiki.

Na uku, a koma gida ƙungiya ƙungiya bisa ga unguwanni, kowace ƙungiya da dattijo ko uwa ɗaya daga Zumuntar Mata. Kada yarinya ta tafi ita kaɗai.

Na huɗu, kafin a sa albarka a karanta sunayen marasa lafiya da tsofaffi da waɗanda aka yi wa rasuwa, kowace ƙungiya ta ɗauki gida ɗaya da ke kan hanyarta. In wani abu ya taso da ba a zata ba, a buga wa iyaye waya nan take.

Na biyar, direban da zai kwashi jama'a a ba shi wuri ya yi barci. Wannan ita ce tasa hidimar a daren.

Iyaye kuma, idan yaro ya makara, a tambaye shi inda ya biya da wanda suka tafi tare kafin a yanke hukunci. Ku matasa, ku riƙe gaskiya, domin amincewar da aka ba ku tana da wuyar dawowa in ta zube.

Ubangiji ya ba dattawanmu hikima, ya tsare fitarmu da shigarmu, ya sa abin da muka roƙa da dare a gan shi cikin tafiyarmu da safe. Amin.