Ruwan Mota Ba Ya Raguwa Banza

A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a kudancin Jihar Jigawa yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyas. A lokacin ne akan ga mota a gefen hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, an ɗaga bonet, lagireto yana tururi, yaron mota kuma ya nufi rijiya da galan. Akan cika ruwa a ci gaba da tafiya, ba tare da an tambayi inda ruwan farko ya tafi ba. Wannan al'ada kuskure ce, domin raguwar kowane ruwa a mota alama ce ta wata cuta.

Ruwan lagireto a rufaffiyar hanya yake zagayawa. Ruwa yakan tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana matse shi har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Idan ya ragu, ko dai murfin ya lalace, ko roba ta tsage, ko gaskit ya ƙone. Ruwan rijiya kuwa yana ɗauke da narkakkun ma'adinai masu daskarewa su toshe ƙananan bututu. Buɗe murfin alhali inji yana da zafi kan jawo mummunar ƙuna.

Haka abin yake ga man birki. Raguwarsa na nuna birki ya cinye ko akwai yoyo, kuma rayukan fasinjoji ne a kan wannan ɗan gwangwani. Bakin mai idan ya koma launin shayi da madara, to ruwa ya shige shi.

Iskar na'urar sanyaya mota ma ba a ƙona ta kamar fetur. In ta ƙare, zurarewa ta yi. Tsohuwar iskar R-12 tana lalata shimfiɗar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, shi ya sa Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tanadi a daina yin ta. R-134a da ta maye gurbinta ba ta taɓa ozon, amma tana ƙara ɗumamar yanayi, don haka gyaran Kigali na 2016 ya sa a rage ta. Wato mai ɗura iska bai toshe yoyo ba ya yi asarar kuɗi, ya kuma cuci sararin sama.

Direba zai ce ba shi da lokaci, fasinja na jira. Amma duba geji da ƙarƙashin mota da safe, kafin a ta da inji, bai kai wahalar sauke inji ba.

Ya kamata malaman kimiyya na makarantun Gwaram da Birnin Kudu su riƙa kai ɗalibai garejin bakanike. A can za su ga darasin zafi da matsi da idonsu, su kuma koyi cewa kafin a ƙara ruwa, sai an nemi dalilin raguwarsa.