Jami'a ba a Yamai kaɗai take ba

Kai uban yaro, saurara. Ɗanka ya ci bak, madalla. Yanzu mutane na ce maka: "Tura shi Yamai, can ne karatun gaske." Wannan magana ta tsufa.

Karatun jami'a ya soma a Yamai a 1971. Amma a 2010 gwamnati ta buɗe jami'o'i a Maradi, Damagaram da Tawa. Malamansu ma malamai ne, takardarsu ma takarda ce.

Ka sani, shekarar farko ita ce mai wuya. A lise malam ya san sunan ɗanka. A jami'a ɗalibai sun cika zaure, ba mai cigiyar wanda bai zo ba. Ga kuɗin ɗaki, ga abinci, bursu kuma ba kowa ke samu ba. Yunwa da kewar gida kan kada yaro tun kafin jarrabawa.

Daga Maradi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Daga Mayahi zuwa Maradi kuwa tafiyar safiya ɗaya ce. Kana iya aika mashi hatsi da wake. In ba shi da lafiya, ka je ka gan shi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Zauna da ɗanka, ko ɗiyarka, ka tambaya: mi kake son koyo? Ilimin noma da aikin likita akwai su a Maradi. Tarihi da labarin ƙasa akwai su a Damagaram. In abin da yake so sai Yamai, to, ya tafi da albarkarka. Amma kada ka tura shi don a ce ɗan wane na babban birni.