Matsayin Mugu Mai Zubar da Jini a Wasan Ban-tausayi

Wasan kwaikwayo na ban-tausayi shi ne wanda yake ƙarewa da halakar tauraro ko rushewar burinsa. A irin wannan wasa akan sami ɗan wasa mai zafin rai da saurin zare makami, wanda ɗalibai kan kira "mugu" su wuce. Wannan hukunci bai wadatar ba, domin sau da yawa mai zubar da jinin ba shi ne tushen masifa ba, hannu ne kawai da masifar ta miƙo. Kyakkyawan misali shi ne Tibalt a wasan Romeo and Juliet na William Shakespeare (1564-1616), wanda aka fara bugawa a 1597.

An gina wasan a birnin Berona na ƙasar Italiya, inda tsohuwar gaba ta raba gidan Montagu, su Romiyo, da gidan Kafulet, su Juliyet. Tibalt ɗan ɗan'uwan mahaifiyar Juliyet ne. Sau 3 kacal ya fito da ransa, kuma kowace fitowa da takobi a hannunsa ko a bakinsa. Da farko ya auka wa Benboliyo, wanda ya zo rabon faɗa. Na biyu, ya gane muryar Romiyo a wajen liyafa, ya nemi a kawo masa takobi, sai maigida Kafulet ya tsawata masa. Na uku, a kashi na 3, fitowa ta 1, ya kashe Makushiyo, shi kuma Romiyo ya kashe shi.

Wannan fitowa ta uku ita ce mahaɗar wasan. Kafin ta, labarin ya yi kama da wasan ban-dariya mai ƙarewa da biki, tun da har an ɗaura wa masoyan aure a ɓoye. Bayan ta, sai aka kori Romiyo zuwa Mantuwa, Kafulet ya gaggauta aurar da Juliyet ga Faris, ita kuma ta sha maganin da ya mai da ita kamar gawa, saƙon bayani bai isa ga Romiyo ba. Ke nan aikin Tibalt a zubi da tsarin wasan shi ne toshe hanyar sulhu. Shakespeare ya yi haka da gangan. A waƙar Arthur Brooke ta 1562, inda ya samo labarin, Tibalt bai bayyana ba sai a wajen faɗan da ya mutu. Marubucin ya jawo shi tun farkon wasa domin mai kallo ya zauna da fargabarsa.

Wasu manazarta kan ce ƙaddara ce ta halaka masoyan, wasu kuma su ɗora laifin duka a kan Tibalt. Ra'ayin farko yana da madogara, domin annoba ce ta tsare mai kai saƙo. Amma saƙon ba zai zama dole ba in da ba a zubar da jini ba. Ra'ayi na biyu kuwa ya manta cewa Tibalt bai ƙirƙiri gabar ba, gadonta ya yi. Wasan bai ma faɗi dalilinta ba. Kafulet ɗin da ya tsawata masa a liyafa, shi ne a fitowar farko ya yi kiran a miƙo masa doguwar takobinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba kamar Iyago na wasan Othello ba, Tibalt ba ya ƙulla makirci. A ganinsa mutuncin gida yake karewa. Shi ya sa a ƙarshe, bayan rayuka 6 sun salwanta, Sarkin Berona ya ɗora alhakin a kan shugabannin gidajen biyu, har ya haɗa da kansa saboda sakacinsa.

Saboda haka, malamin da zai koyar da irin wannan wasa kada ya tsaya a tambayar wane ne mugu. Ya sa ɗalibai su binciko abin da ya sauya a labarin bayan kisan, da wanda ya raini mai kisan a kan ƙiyayya, da wanda yake da ikon hanawa amma ya yi shiru. Ɗalibin da ya tsaya a kan Tibalt ya ga takobi ne kawai, bai ga maƙerar da aka ƙera ta ba.