Wainar Ƙwan Bombai Da Ta Fid Da Ni Kunya

Wannan makon mun ajiye maganar kwastan da canjin kuɗi, kicin za mu shiga.

Watan jiya aka bugo waya daga Sakkwato cewa jikin surukata ya yi tsanani. Washegari uwargida ta kama hanya, ta bar ni a Kwatano da yara uku. Na rana da na dare, matar maƙwabcinmu ta ɗauke mana, Allah ya saka mata da alheri. To amma karin kumallo fa? Ba ka ƙwanƙwasa wa mutane ƙofa da asuba ka ce a ɗora tukunya. Sai na yi abin da mu maza muka saba, na riƙa ba kowane yaro dala arba'in ya sayi wani abu a hanya, ni kuma in wuce wajen mai shayi.

Rana ta biyar aka aiko daga makaranta cewa auta ta yi jiri a aji. Da na zaunar da ita, sai ta ciro ƙullin kuɗi daga jakarta, ta ce, "Baba, tarawa nake in aika wa Kaka na magani." Kwana biyar yarinyar nan tana tafiya makaranta cikinta ba komai, ni ina can ina ƙirga bandir. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A daren na ce ko me za a yi, gobe ba wanda zai fita gidan nan bai karya ba.

Matsalar ita ce ban iya dama koko ba, balle ƙosai. Abu ɗaya na tuna na taɓa zuba wa ido sosai, shi ma a Indiya.

Shekarun baya na je sarin yadi a Mumbai, garin da mu 'yan kallon fim muka fi sani da Bombai, sunan da aka canza a 1995. Na sauka kusa da titin Mohammed Ali, unguwar da Musulmi suke da yawa, ina takawa da ƙafa zuwa kasuwar yadi ta Mangaldas. A bakin layinmu akwai wani mai amalanke da faffaɗan kaskon ƙarfe da suke kira tawa, ga tiren ƙwai jere. Mai shayinmu sak, sai dai yare. Ni Indiyancina bai wuce na fim ba, don haka da yatsa muke ciniki. Nan na koyi cewa anda shi ne ƙwai, masala kuma haɗin kayan ƙamshi. Yana soya wainar, ya raba wani ɗan burodi mai laushi da suke kira pav, ya ɗumama shi a gefen kaskon, ya miƙo maka da shayin madara mai citta. Kusan mako biyu ina tsaye kansa kullum safe, har hannunsa ya zauna mini a kai.

Ga yadda ake yi, na mutum ɗaya. Ƙwai 2. Rabin ƙaramar albasa. Rabin tumatir. Ɗanyen barkono kore guda 1. Kurkum, wanda wasu ke cewa gangamau, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗebo. Garam masala kamar haka. Gishiri. Ɗanyen ganyen koriyanda, wanda su suke kira daniya. Mai cokali 1.

Kada sunan garam masala ya tsorata ku. Yawancin abin da ke ciki muna da shi a kwandon kayan yaji: kanumfari, kirfa, masoro, sai kadamon da wani iri mai ƙamshi da suke kira jira. Ana samun haɗaɗɗe a kantunan Indiyawa. In babu, a daka kanumfari 2 da ɗan masoro da ɗan guntun kirfa, a tankaɗe, ya isa kwanaki. In ba a samu koriyanda ba, a yanka lawashi. Ƙamshin ba ɗaya ba ne, amma da babu gara ba daɗi.

A yayyanka albasa ƙanana-ƙanana sosai, don ƙwai ba ya jiran albasa ta nuna; in ta yi manya, ɗanya za a ci. Tumatir a cire 'ya'yan da ruwan cikin, in ba haka ba wainar ta jiƙe ta ƙi haɗuwa. A zuba su a kwano da barkono da ganye da gishiri da kayan ƙamshi, a ɗan murza da cokali, sannan a fasa ƙwai a kai. A kaɗa da cokali mai yatsu har ya yi kumfa, kurkum ya bi ko'ina. A ɗora kasko a wuta madaidaiciya, mai ya yi zafi amma kada ya yi hayaƙi. A zuba, a baza kayan da cokali kada su taru a tsakiya, a rage wuta. Bayan kamar minti 2, in gefe ya saki kasko, saman ya daina gudu, a juya. Minti 1 kuma, a sauke.

Dunƙulen magi bai shiga wannan waina. Na san hannu zai yi ƙaiƙayi, amma a daure a gwada sau ɗaya a ji ɗanɗanon yadda masu abin suke ci.

Ni ranar farko na yi kuskure biyu. Ban samu koren barkono ba, sai na yanka attarugu guda sukutum, na manta ya fi nasu zafi nesa ba kusa ba. Kurkum kuma na zuba da cokali, na ce ai launi ne, ashe in ya yi yawa ɗaci yake. Babban yaron ya ci loma ɗaya, ya sha ruwa kofi biyu, ya ce, "Baba, yaushe Mama za ta dawo?" Na haɗiye maganar. Washegari na sa kwatan attarugu, na yi wa auta tata daban ba yaji, sai ɗan tattasai. Ta cinye, ta suɗe hannu, ta tafi makaranta. Daga yankan albasa zuwa sauke ta ƙarshe bai kai rabin awa ba, kuma ban makara buɗe shago ba ko sau ɗaya.

Abin da nake son faɗa wa 'yan uwana maza ke nan. A gida, in mace ta yi tafiya, akwai goggo, akwai ƙanwa, akwai matar wa. A nan baƙunta daga kai sai iyalinka. Rana ɗaya za a bugo waya, ko haihuwa, ko rashin lafiya, ko rasuwa, ka tashi kai kaɗai da yara da murhu. Kuɗin da za ka danƙa wa yaro ba ka san inda za su tsaya ba; abin da ya ci a gabanka kuwa ka gani da idonka. Kowannenmu ya iya abu ɗaya ko biyu na safe, kuma mu ja samarinmu kusa da kasko. Babban yarona yanzu shi ke yankan albasa, yana hawaye yana ƙorafi.

Bayan mako uku uwargida ta dawo, jikin tsohuwa da sauƙi, alhamdu lillahi. Kuɗin auta ma sun isa hannun Kaka, na ƙara a kai na aika da sunanta. Da safe na ce uwargida ta zauna ta huta gajiyar mota, na kawo mata waina da burodi da shayi. Ta ci ta yi shiru, sannan ta ce, "Alhaji, ashe ka iya, ka bar ni da hayaƙi duk shekarun nan?" Tun daga ranar, kalacin Lahadi ya zama nawa.

Wanda ya gwada ya rubuto mana yadda ta kaya, musamman wanda ya ƙona ta farko. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.