A Faɗa Wa Mai Sayen Kwamfuta Gaskiyar Wuta

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, maganarmu ta yau a kan amana ce. Kwamfuta ta shiga gidaje, har wasu a cikinta suke ajiye lissafin sari da na bashi. Amma sai ka ga mai shago ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, ba wanda ya ce wa mai saye uffan a kan wuta. Bayan wata biyu ya dawo da kaya a ƙone, a hau musu. Shi ya ce jabu aka ba shi, mai shago ya ce NEPA ce (sunan nan dai ya ƙi mutuwa, alhali tun 2005 aka sauya shi). A ganinmu, wanda ya sani ya yi shiru yana da kaso a cikin asarar.

Wutar da aka tsara ta shigo gida bolt 230 ce. In ta yi ƙasa, ko ta ɗan yi sama, aikin stabilaiza ke nan. To, amma akwai tsallen wuta na farat ɗaya, irin na lokacin tsawa da damina, ko sa'ad da aka maido wuta. Wannan kafin stabilaiza ta motsa ya riga ya wuce cikin kwamfuta. Maganinsa soket mai kariya ne, wanda ke da wani ɗan abu a ciki mai shanye tsallen.

Nan fa ha'inci yake. Soket mai dogon waya da jar fitila ya cika kasuwa tun daga Alaba har Sabon Gari, ana ce wa mutane kariya ce. Sau da yawa fitilar ba ta nuna komai sai dai cewa akwai wuta. Na gaske za ka ga an rubuta ƙarfinsa da jul a jikin kwali. Shi ma ɗin ba na har abada ba ne, kowane bugu yana cin ƙarfinsa har ya ƙare. Kuma in gidan ba a ja masa wayar ƙasa ba, ko an karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga, an rage masa amfani ƙwarai.

Babbar ɓarna kuwa, wadda kan ƙone kayan layi guda a dare ɗaya, ita ce in wayar nutiral ta tsinke a taransifoma ko a kan falwaya. Sai wutar wasu gidaje ta haura ta doshi bolt 400, ta kuma tsaya a nan. Soket mai kariya ba zai iya da wannan ba, shi kansa ƙonewa zai yi. Abin da ake so shi ne gadi, irin na firiji da talabijin, mai yanke wuta in ta wuce kima, ya kuma dakata kaɗan kafin ya sake ta. Kuɗinsa bai kai komai ba a kan kuɗin kwamfuta, to me zai hana a haɗa shi cikin ciniki?

Mai kwamfutar tebur yana bukatar UPS, domin ɗaukewar wuta tana cikin aiki kan lalata abin da aka rubuta. Sai dai a yi masa bayani: mai 650VA wat 360 zuwa 390 yake ɗauka, kuma 'yan mintoci yake bayarwa don a adana aiki a kashe, ba janareta ba ne. Kada a jona masa firinta mai leza, balle dutsen guga. Batirinsa shekara biyu zuwa uku ne, zafin garinmu yana ƙara rage masa kwana, saboda haka wanda ya daɗe a sito a gwada shi gaban mai saye. Kwamfutar cinya da sauƙi, tana da batirinta, cajarta kuma an rubuta mata 100 zuwa 240. Amma wuta in ta wuce nan, ita ma tafiya take.

Sauran shawara ba ta sisin kwabo: in an ɗauke wuta a zare fulogi, in za a ta da janareta a bari ya daidaita tukuna, in hadari ya haɗo a cire har da wayar intanet. Muna roƙon shugabannin layukan kayan wuta su hana kiran soket na banza da sunan kariya, masu shaguna kuma su riƙa rubuta a rasit wace kariya aka ba mai saye, ko kuwa an nuna masa ya ce ba ya so.