Bidiyo ɗaya, kasuwa biyar: zare ga masu sana'a a waya

1/ Masu sayar da kaya a waya, ku matso mu yi wata magana. Da yawanmu muna shan wahala mu haɗa talla mai kyau, mu ɗora sau ɗaya a wuri ɗaya, sai mu koma gefe muna cewa babu kasuwa. Ni a ganina asarar da muke yi a nan ta fi ta tsadar kaya. Zare ne 🧵

2/ Abin da ya jawo maganar: ƙanwata tana yin dambun nama. Ranar Asabar ta wuni tana ɗaukar bidiyo, tun daga dafa nama da daka shi har zubawa a roba. Ta jira wuta ta yi caji, ta sayi data, ta saka a sitatus. Bayan awa 24 WhatsApp ya ɗauke. Wahalar wuni guda ta tafi ke nan.

3/ Na ce mata ina bidiyon nan? Ta ce ai ta riga ta saka, kar a ce ta cika naci. Na ce to su wa suka gani? Ƙawayen makaranta, 'yan gidanmu, da wasu anti biyu da kullum sai sun nemi ragi 😂

4/ Dole haka ta faru. Sitatus ɗinki ba ya zuwa wa kowa sai wanda kika ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taki. Ma'ana waɗanda suka riga suka san ki. Kamar ki kasa kaya a tsakar gida ne, ki rufe ƙofar zaure, sannan ki ce mutanen gari ba sa saye.

5/ Iyayenmu 'yan kasuwa sun fi mu gane wannan. Mai cin kasuwannin mako Alhamis yana Maigatari, Juma'a yana Wudil, Lahadi yana Dambatta. Ba sabon kaya yake sarowa kowace rana ba. Kayan nan dai ne, amma kowace kasuwa da mutanenta, da abin da yake sakawa a gaban rumfa.

6/ 'Yan Kannywood ma haka suka daɗe suna yi. Zamanin kaset, waƙoƙin fim kan riga fim ɗin shiga gari, ga fosta a shaguna, ga tallansa a cikin wani fim ɗin. Yanzu kuma shiri yana YouTube, guntayensa suna yawo a TikTok da Facebook. Aiki ɗaya aka yi, aka yanka shi gida-gida.

7/ To me ya hana mai dambu, mai turaren wuta, tela ko mai gyaran waya yin haka? Ka ɗauki bidiyo ɗaya mai kyau, kamar na minti uku, da rana inda akwai haske. Ka ajiye asalinsa a wayarka. Shi ne jarinka. Daga jikinsa za ka fitar da tallan mako guda.

8/ TikTok da Reels: yanko wurin da ya fi jan ido ka fara da shi. In dambu ne, lokacin da ake juya shi a mai yana ƙamshi ta ido. Kar ka fara da doguwar gaisuwa da gabatar da kai. Kafin ka gama “barkanmu da warhaka” ɗan yatsa ya wuce da kai.

9/ Wani abu: kar ka sauke bidiyo daga TikTok da tambarinsu a jiki ka kai Instagram. Tun 2021 Instagram suka faɗa cewa suna rage nuna Reels masu tambarin wata manhajar. Shi ya sa na ce ajiye asalin. Kowane wuri ka ɗora masa daga tsaftataccen kwafi.

10/ Facebook: muna raina shi, muna cewa na tsofaffi ne. To su waye ke da kuɗin odar dambu bokiti guda na biki? Iyayen amarya ne. A can ka yi cikakken bayani: farashi, girman roba, garin da kake, ko kana aikawa ta mota, kwana nawa kafin oda ta fito.

11/ WhatsApp: nan ake rufe ciniki. Hoto ɗaya mai kyau daga cikin bidiyon, farashi a jiki. Sannan saƙon murya gajere da Hausa. Akwai masu kuɗi a hannu da karatun boko ba ya musu sauƙi, amma murya za su saurara, har su tura wa 'yan uwansu.

12/ Nan X kuma labari ake so. Faɗa mana me ya sa dambun wani yake saurin canza wari, na wani ya daɗe. Faɗa mana yadda tsadar nama ta canza maka lissafi. Ba lallai mu saya yau ba, amma za mu yaɗa, kuma ranar da ake neman mai dambu sunanka za a ambata.

13/ Na biyar ɗin ba ya buƙatar data: jikin kayanka. Sitika a kan roba ko leda, da suna da lambar waya. Robar da aka kai gidan suna hannu nawa za ta bi? Duk wanda ya ɗanɗana ya ji daɗi, lambar tana gabansa.

14/ Maganar data kuwa, a Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Mutane suna lissafin abin da za su buɗe. In duk tallanka bidiyo ne mai nauyi, wasu ba za su taɓa gani ba. Ba su hoto da layi biyu.

15/ Yanzu inda nake da faɗa da wasunmu. Rarraba talla daban, damun mutane daban. Ka kwafi rubutu ɗaya ka watsa a guruf ɗin dangi, na tsofaffin ɗalibai, har na masallaci, ana tsaka da ta'aziyya kai kana “sabon kaya ya iso”. Haba don Allah. Haka ake toshe lamba.

16/ Burodkas ɗin ma ku san yadda yake aiki. Jeri ɗaya mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya shiga sai wayar wanda ya ajiye lambarka. Don haka tsince lambobin mutane a guruf ɓata lokaci ne. Nemi kwastoma ya ajiye lambarka da yardarsa, ya fi lamba ɗari ta sata.

17/ Sannan abin da za ka sake juyawa ya zama naka. Ɗauko hoton ɗinkin wani tela ka ce aikinka ne ha'inci ne, komai sunan da ka sa masa. Ranar da kaya suka isa aka ga bambanci, a nan X za a kawo ka, kuma wannan tallan ya fi kowanne saurin yaɗuwa.

18/ Yabon kwastoma ma talla ne mai ƙarfi, amma amana ce. Kafin ki ɗora hirarku, ki tambaye ta. Ki rufe suna, lamba da hotonta. Matar aure ta saya miki turare, ta wayi gari lambarta tana yawo a sitatus, kin rasa ta ke nan har da ƙawayenta.

19/ Wani zai ce, “ba zan gundiri mutane ba?” Kai ne ka kalli bidiyon sau talatin wajen gyara. Yawancin mabiyanka ko sau ɗaya bai zo gabansu ba. Wanda ya gani ma, ranar ba shi da kuɗi. Bidiyon da ka yi kafin ƙaramar sallah, dawo da shi kafin babba.

20/ Wata za ta ce ba ta da lokacin manhaja biyar, ga makaranta ga girki. Gaskiya ce. Fara da biyu. Duk wanda ya yi oda ki tambaye shi, “a ina ka gan ni?” Ki rubuta a littafi tsawon wata guda. Littafin zai nuna miki inda ya cancanci datarki.

21/ Dalili na ƙarshe, kuma ya fi damuna. Yunin 2021 gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya, sai Janairun 2022 aka buɗe. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya kusan awa shida. Ga masu kutse suna ƙwace asusu kullum.

22/ Shafukan nan rumfar haya ce, ba mu da takardar mallaka. Wanda duk kasuwarsa ke wuri ɗaya, rana ɗaya za a iya tashinsa. Bidiyoyinka su kasance a ajiye a wani wurin, lambobin kwastomominka kuma a rubuce a takarda.

23/ Ita ƙanwar tawa mun zauna mun yanka bidiyon gida huɗu, mun ciro hotuna, ta yi saƙon murya, ta ba da aikin sitika. Ba ta sake kunna murhu don talla ba a makon nan.

24/ Ku duba wayoyinku yau. Akwai bidiyon da kuka sha wahalarsa, kuka saka sau ɗaya kuka manta. Ku fito da shi. Masu sana'a kuma ku faɗa mana a ƙasa, a ina kwastomominku suka fi fitowa? Allah ya ba mu kasuwa mai albarka 🤲