Birnin Gwari: Wace makaranta ta dace da magidancin da ke son komawa aji?

Tun bayan sulhun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla da 'yan bindiga a watan Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka sake buɗe Kasuwar Kara, hankalin jama'a ya fi karkata ga dawowar shanu da motocin hatsi. Sai dai akwai asarar da kasuwa ba za ta mayar ba. Shekarun da aka kwashe ana kai hare-hare daga dazukan Kamuku da Kuyambana sun katse karatun ɗimbin matasa. Wanda ya gama sakandare a farkon rikicin, yau magidanci ne mai shago, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko malamin firamare.

Gemu ba ya hana ilimi, amma yana sauya lissafi. Ɗan shekara 18 na iya zaɓen jami'a saboda sunanta. Mai iyali kuwa dole ya auna hanya da lokaci da kuɗi, sannan ya tabbatar takardar da zai samu za ta yi masa aiki.

Hanya ce ma'auni na farko

Manyan makarantun jihar suna nesa da Birnin Gwari. Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli suna Zariya, Jami'ar Jihar Kaduna tana Kaduna da Kafanchan, Kwalejin Ilimi ta jiha tana Gidan Waya. Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna akwai tafiyar fiye da kilomita 100 a kan titin da ya daɗe yana cikin mafi haɗari a Arewa. A kan wannan hanya garin Kuriga yake, inda aka sace 'yan makaranta a watan Maris na 2024.

Ke nan karatun zama a makaranta yana nufin barin gida da sana'a na tsawon shekara huɗu, ko fiye idan yajin aiki ya gitta, kamar na ƙungiyar ASUU da ya ci wata takwas a 2022. Karatun ƙarshen mako kuma yana nufin hawa wannan titi duk sati. An samu sauƙi a yanzu, amma mai shirin karatun shekaru ya kamata ya tambayi kansa abin da zai yi idan al'amura suka sake dagulewa yana aji biyu.

Karatu daga nesa da sharaɗinsa

Wannan ne ya sa karatu daga nesa ya fi dacewa da yawancin irin waɗannan masu nema. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Obasanjo, ba ta neman a zauna jarrabawar JAMB. Abin da take buƙata shi ne kiredit biyar na sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi, kuma tana da cibiyar karatu a Kaduna. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyar karatu daga nesa da ke ba da digiri a fannoni irin su harkokin kasuwanci da mulki. Ga malamai kuma akwai Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda ta daɗe tana ba da takardar NCE ta wannan hanya.

Amma wannan tsari ya dogara ne kan intanet da wutar cajin waya, kuma jarrabawar ƙarshen zango sai an je cibiya. Mutanen yankin ba su manta da ƙarshen 2021 ba, lokacin da gwamnati ta katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi, har da Birnin Gwari, domin matsa wa 'yan bindiga. Kafin a biya kuɗin rajista, ya kamata a san inda za a rubuta jarrabawa, sau nawa a shekara, da kuma ko ana iya dakatar da zango ba tare da an yi asarar abin da aka riga aka ci ba.

Araha ba ta ado

Haɗarin da ya fi kusa da babba mai gaggawa shi ne makarantar bogi. Bayan ɗan jarida Umar Audu ya bankaɗo yadda ya samu digiri cikin mako shida daga wata jami'a a Kwatano, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo a watan Janairun 2024. A cikin gida ma Hukumar NUC kan fitar da jerin haramtattun jami'o'i.

Tabbatar da rajistar makaranta kaɗai bai wadatar ba. Shi kansa fannin da za a karanta sai ya samu amincewar hukumar da abin ya shafa, wato NUC ga jami'o'i, NBTE ga kwalejojin fasaha, NCCE ga kwalejojin ilimi. Ma'aikaci kuma ya nemi izinin ma'aikatarsa a rubuce tun kafin ya fara, domin takardar da aka samo ba da sanin ofis ba takan sha wahala a wajen ƙarin girma.

Inda shekaru ke zama riba

Ba ta ko'ina shekaru ke cutar da mai nema ba. Mai NCE ko difloma na iya shiga aji biyu kai tsaye ta hanyar JAMB, ya rage shekara guda. Sannan wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammala digiri ana yafe masa bautar ƙasa, don haka fargabar da ke hana matasa karatun ƙarshen mako ba ta shafe shi ba.

Ta fuskar kuɗi, asusun NELFUND da ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024 yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa. Wanda ya ɗora lissafinsa kan wannan rance ya fara tambayar makarantar ko tsarin karatun da ya zaɓa yana cikin waɗanda ake biya wa.

Akwai kuma iyakar da dokar aiki ta gindaya wa yawancin ma'aikatan gwamnati: ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 ana aiki. Ɗan shekara 40 da ya ɓata shekaru a fannin da bai shafi aikinsa ba, ya rage wa kansa lokacin cin moriyar digirin.

Abin da ya rage wa gwamnati

Jihar da ta sallami malamai sama da 21,000 bayan jarrabawar 2017 ta san tsadar rashin ƙwararru. Malami ko ma'aikacin lafiya ɗan asalin Birnin Gwari ya fi wanda aka turo daga nesa yiwuwar zama a wurin aikinsa. Idan gwamnati da masarauta suka haɗa kai da NOUN da NTI aka ƙarfafa wuraren karatu da na jarrabawa a cikin garin, masu wuta da intanet, magidanci zai iya yin digiri ba tare da ya rufe shagonsa ko ya dinga bin titin Kaduna duk mako ba.